Daƙiƙa Talatin a Bayan Kufena

Na rufe shago a Tudun Wada bayan isha'i.
Fuska goma sha tara na ɗauka yau, duk na fasfo,
babu wadda ta yi murmushi.
Na ɗaure ƙarfe mai ƙafa uku a bayan babur kamar itacen girki,
Tanimu ya rungume kyamara a cinya,
muka wuce Wusasa, muka bar wa gari kukan janaretonsa.

Sai da kwalta ta ƙare muka sami sama.
A cikin gari sama tsohon kwano ce mai tsatsa,
fitilu sun lashe ta, sun bar mana taurari bakwai ko takwas.
Amma nan, inda dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi,
wata bai fito ba, damina ta wanke komai ta tafi,
sai ga ta, kamar an yi ɓarin gero a kan baƙin zane.

Na kafa ƙarfen a kan fa.
Sana'ar rana ƙiftawa ce, ƙyas, a biya ka.
Ta dare kuwa sai ka buɗe wa kyamara ido
ka ce mata kar ki ƙifta.
Daƙiƙa talatin.
Ba tari, ba motsi,
sauro na shan kunnenka kana ƙirge a zuci.

Ina kan sha bakwai haske ya mare mu.
"Ku su wane ne? Me kuka saita wa ƙauyenmu?"
Tocila a goshi, bindigar toka a kafaɗa,
ɗan sintiri ne, Barau sunansa,
ya ga baƙin abu mai ƙafa uku da dogon baki.
Ban ga laifinsa ba. Zamanin ne.

Hannuna na rawa na juya masa gilashin,
na nuna masa wanda muka ɗauka kafin zuwansa.
Ya duba. Ya ɗaga kai. Ya sake dubawa.
"Duk waɗannan suna can?
Shekara hamsin ina kwana a waje, ban ga rabinsu ba."
Da kansa ya kashe tocilar.

Tanimu ya zaro waya yana karanto sunaye
masu karya harshe, daga ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba.
Barau ya yi dariya har bindiga na zamewa.
"Waccan ai Kaza ce da 'ya'yanta.
Ga zomo can, ga kare, ga mai karen a baya,
tun ina tallen gyaɗa yake bin sa, bai kama ba."

Tanimu ya ce, hasken nan da kake gani
ya baro gida tun ba a haifi kakan kakanka ba.
Barau ya yi shiru.
Can ya ce, "Ashe baƙo ne mai nisan tafiya,
ga mu zaune ko sannu ba mu yi masa ba."
Muka raba shayin da ya rage a murfi ɗaya.

Ya tsaya mana gadi, bayansa ga gonaki,
in na buɗe ido, shi ma ya riƙe numfashi.
Raɓa ta fara sauka, batir ya mutu,
zakaran wani gida ya yi riga-malam.

Hoto arba'in na kawo gida. Uku sun yi kyau.
Amma wanda na wanke na rataye a shago
shi ne na daƙiƙa sha bakwai:
fari fat, kamar an watsa nono,
a gefe rabin fuskar mutum, baki buɗe,
sama da hularsa taurari biyu da suka tsira.

Masu fasfo na tambaya, wannan ai ya lalace?
Nakan ce, ɗaga haɓa kaɗan.
Kalli nan.